Babi Na Bakwai: Malami Ma Yana Buƙatar Malami

Malaminmu na adabin Turanci a sakandare mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa da alheri. Bai taɓa makara ba, rubutunsa a allo kuwa kamar an buga da inji. A shekarar da muka karanta Macbeth, wasan kwaikwayon Shakespeare, tsarinsa ɗaya ne tun daga farkon zango har ƙarshensa. Zai shigo da ɗan littafin taƙaitawa irin wanda ake sayarwa a bakin kasuwa, ya juya mana baya, ya cika allo, mu kuma mu duƙufa mu kwafe. Mun haddace sunayen 'yan wasa da halayensu, mun haddace jigo da warwarar jigo, mun san cewa kwaɗayin mulki ne ya kai Macbeth ya baro. Wasunmu sun ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Amma a ajin nan kaf babu wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗi layi ɗaya na wasan da ƙarfi, balle ya miƙe ya taka.

Na daɗe ina ganin laifinsa. Sai da shekaru suka ja na gane cewa shi ma haka aka koya masa. Bai taɓa ganin wasan a dandamali ba, kuma tun ranar da aka miƙa masa alli babu wanda ya sake leƙa ajinsa sai sufeto mai zuwa duba littafin shirin darasi. Babu wani na gaba da shi a sana'a da ya taɓa zama a bayan aji ya kalle shi, bayan an tashi ya ce masa, "Malam, gobe mu gwada ta wata hanya." An bar shi shi kaɗai da littafin da aka rubuta shekara ɗari huɗu da suka wuce, cikin Turancin da Turawan yau ma sai sun yi da gaske suke gane shi.

Wannan babi a kan irin wannan malami yake, da abin da ke faruwa da shi da ɗalibansa idan ya sami wanda ya riƙe hannunsa. Za mu duba Ingila da Amurka, domin a can ne aka fi daɗewa ana gwada rainon malaman da ke koyar da wasannin Shakespeare, har aka fara ganin abin da ya haifar.

Wasan da aka rubuta don baki da ƙafa

William Shakespeare, wanda aka haifa a garin Stratford a 1564 ya rasu a 1616, ɗan wasa ne, kuma yana da hannun jari a ƙungiyar da yake rubuta wa wasanni. Gidan wasansu mai suna Globe an gina shi a 1599 a gefen kogin Thames a Landan, tsakiyarsa a buɗe babu rufi. Da rana ake wasa, da hasken da Allah Ya bayar. Talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a fili gaban dandamali, mai hali ya ƙara kuɗi ya sami wurin zama. Kayan ƙawata dandamali kaɗan ne. Idan dare ne a cikin labarin, ko daji, ko bakin teku, bakin ɗan wasa ne zai sanar da mai kallo.

Ba a ba ɗan wasa littafin wasan gaba ɗaya. Akan rubuta masa nasa zancen kawai, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi, don haka dole ya kasa kunne. Mata kuma ba sa hawa dandamali a wancan zamani. Yara maza 'yan koyo ne suke fitowa a matsayin Juliet da Desdemona da matar Macbeth. Yaro yakan yi shekaru a hannun babban ɗan wasa, yana kallonsa yana kwaikwaya, ana gyara masa, kamar yadda ɗan maƙeri yake farawa da zuga-zugi kafin a bar shi ya ɗaga masaba. John Heminges yana cikin manyan 'yan wasan da suka raini irin waɗannan yara. Shi ne kuma, tare da abokin aikinsa Henry Condell, suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623, shekara bakwai bayan rasuwar marubucin. Rabin waɗannan wasanni ba a taɓa buga su ba kafin nan, cikinsu har da Macbeth.

Ke nan tun asali daga baki zuwa kunne wasannin suka rayu, daga maigida zuwa yaronsa. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Duk wanda ya karanta rubutacciyar waƙa a takarda, daga baya ya ji an rera ta, ya san cewa karinta a murya yake. Yawancin zancen da ke wasannin Shakespeare ma a kan kari aka gina shi, gaɓa goma a layi, bugu biyar. Ido kaɗai ba ya kama wannan, sai an furta.

Daga mutum ɗaya zuwa jama'a

Akwai malaman da suka gane haka tun da wuri. Henry Caldwell Cook, wanda ya fara koyarwa a makarantar Perse da ke Kambirij a 1911, ya mayar da wani ɗaki ƙaramin gidan wasa inda yaransa suke taka wasannin da kansu, ya kuma bayyana hanyarsa a littafin da ya wallafa a 1917. An yaba masa ƙwarai. Duk da haka, shekaru da dama bayansa, a yawancin makarantun Ingila yara na zaune a kan benci ana karatun zagaye, kowa ya karanta layinsa cikin in-ina, malami na fassara kalma bayan kalma. Littafi ya bazu, amma hanyar ba ta bazu ba, domin malamin da ya karanta labarin aji mai rai bai zama ya iya rayar da nasa ba.

Wanda ya sauya salon shi ne Rex Gibson. A 1986 ya kafa wani shiri a Kambirij na kai Shakespeare makarantu, kuma da malamai ya fara. Hukumomin ilimi na yankuna sukan saki malami na tsawon zango ya je ya yi aiki tare da shi, ya gwada dabaru a azuzuwa na gaske, ya rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi, sannan ya koma yankinsa ya nuna wa abokan aikinsa. Wata 'yar mujalla da shirin ke fitarwa ta riƙa yaɗa abin da malaman suka gano. Daga nan ne aka sami jerin littattafan makaranta na Kambirij da suka fara fitowa a farkon shekarun 1990, waɗanda a cikinsu nassin wasa yake a shafin dama, shafin hagu kuma cike da abubuwan da ɗalibai za su tashi su yi da shi. Gibson ya rasu a 2005, amma har yau ana amfani da littattafan, saboda bai riƙe ilimin a ƙirjinsa shi kaɗai ba.

Lokacin ma ya dace. Bayan dokar ilimi ta 1988, Ingila ta yi manhaja ɗaya ta ƙasa, Shakespeare ya zama marubuci ɗaya tilo da aka ambaci sunansa aka ce wajibi ne kowane yaro ya karanta. Dubban malamai suka wayi gari da nauyin da ba a shirya su ɗauka ba.

Mako huɗu a Washinton

A Amurka, aikin ya tsiro ne daga wani ɗakin karatu. Henry Folger, attajirin man fetur, da matarsa Emily sun ƙare rayuwarsu suna tara littattafan Shakespeare. Ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansu an buɗe shi a Washinton a 1932, kuma yana da kwafi 82 na bugun 1623, adadin da babu wani wuri a duniya da ya kai shi. An daɗe ana kallon wurin a matsayin na manyan masana kawai. A 1984, Peggy O'Brien, wadda ita ma ta koyar a sakandare, ta buɗe ƙofarsa ga malaman makaranta, da tallafin hukumar gwamnatin tarayya mai kula da nazarin adabi da tarihi.

A wancan lokaci malamai daga jihohi daban-daban sukan zo a dogon hutu su yi mako huɗu. Mutum uku ne ke kan kowane malami. Akwai masani, wanda zai kai shi ga tarihin wasan da tsofaffin takardu. Akwai ɗan wasa, wanda zai tayar da shi tsaye ya sa shi furta zancen har ya zauna a bakinsa. Na ukun shi ne gogaggen malamin sakandare, wanda ya san yadda aji yake bayan an dawo daga tara, ya san yaron da ke ɓuya a baya da wanda ke son cika aji da surutu. Aikin wannan na ukun shi ne ya taimaki baƙon ya mayar da abin da ya samu wurin biyun farko darasin da zai yiwu a cikin minti arba'in. Kafin a watse, malaman da kansu suke hawa dandamalin gidan su yi wasa, su ɗanɗani fargabar da ɗalibansu za su ji.

Darussan da waɗannan malamai suka tsara suka gwada su ne aka tattara a littattafai uku da suka fito daga 1993 zuwa 1995. Wasu daga cikin waɗanda suka zo a matsayin 'yan koyo daga baya sun dawo su ne masu raino.

Shekara uku a Stratford

Kamfanin wasan Shakespeare na masarautar Ingila da ke Stratford, wanda aka fi sani da RSC, ya ƙara wa abin tsawon rai. A 2006 ya fara ƙulla yarjejeniyar shekara uku da makarantun gwamnati, musamman na yankunan da ba su da galihu. Makaranta guda takan zama cibiya, ta jawo maƙwabtanta. Malamanta su je Stratford su yi aiki da 'yan wasa da masu ba da umarni, su koma su gwada, ma'aikatan kamfanin su biyo su har aji, sannan su kuma su koya wa malaman makarantun da ke kewaye da su. A lokacin, jagororin malaman suna yin karatun takardar shaida a Jami'ar Warwick, inda abin bincikensu shi ne nasu ajin. A 2008 kamfanin ya fitar da kira mai buƙatu uku: yara su yi wasan a tsaye, su gan shi ana yi ido da ido, su kuma fara tun suna ƙanana. A 2016 aka sabunta shirin, aka jingina shi da gidajen wasa na garuruwa irin su Blackpool da Hull da Bradford.

Me ake koya wa malami a can? Dabarun ɗakin gwajin wasa ne. Ɗaya daga cikinsu ta Cicely Berry ce, wadda ta yi shekaru fiye da arba'in tana horar da muryoyin 'yan wasan kamfanin. Mutum ya riƙe zancen yana tafiya yana karantawa da ƙarfi, duk inda ya ci karo da waƙafi ko aya ya canza alƙibla. Idan zuciyar mai maganar a kwance take, sai tafiyar ta miƙe. Idan a ruɗe yake, sai mai karatu ya ga yana ta juyi kamar wanda ya ɓata hanya a kasuwa. Jikinsa ya riga ƙwaƙwalwarsa gane halin da mutumin yake ciki.

Ɗauki fitowa ta uku a kashi na uku na Othello, inda Iago yake dasa wa ubangidansa Othello zargin matarsa. A takarda, ɗalibi zai rubuta cewa Iago munafuki ne, ya wuce. Amma a tsayar da ɗalibai biyu, a ce kowa ya yi taku ɗaya gaba idan yana matsa wa ɗan'uwansa, ya ja da baya idan yana zillewa. Nan take aji zai ga abin mamaki: Iago ne yake ta ja da baya. Yana faɗin rabin magana ya haɗiye, yana maimaita kalmar Othello ya mayar masa, yana nuna kamar ba ya son faɗa. Othello ne yake bin sa, yana roƙon a ba shi gubar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda annamimi yake raba aure a unguwa zai gane wannan salo. Yaron da ya taka fitowar nan da ƙafarsa ba ya buƙatar a haddace masa ita, kuma ranar jarrabawa yana da hujjar da zai kafa daga cikin nassi.

Sai dai kallon wannan a Stratford daban, yin sa a aji daban. Ranar farko da malami ya ce a ture tebura gefe, hayaniya ce za ta tashi, wani ya yi dariya, wata ta ƙi miƙewa, malamin aji na kusa ya leƙo. Mafi yawan mutane a nan suke sarewa su koma allo. Masu binciken ilimi biyu na Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun nuna tun shekarun 1980 cewa dabarar da aka koya a taron bita ba kasafai take isa aji ba, sai idan akwai wanda zai biyo malami ya kalle shi yana gwadawa, su tattauna, ya sake gwadawa. Amfanin mai raino ke nan. Shi ne zai ce, "Hayaniyar nan ta aiki ce, ni ma haka na fara. Gobe ka ba su layi huɗu kawai, kuma ka faɗa musu alamar da za ka yi su tsaya." Da koyo akan iya, amma mai koyo yana son wanda zai tashe shi idan ya faɗi.

An auna sakamakon. A wani binciken da aka fitar a 2024, an ɗauki makarantun firamare 45 na gwamnati aka raba su biyu, aka horar da malaman kashi ɗaya a kan waɗannan dabaru, aka bar ɗayan. Da aka kwatanta rubutun yara 'yan shekara tara zuwa goma, sai aka ga na kashin farko sun fi yalwar kalmomi, jimlolinsu sun fi ƙarfi, sun kuma fi iya shiga zuciyar mutumin da ke cikin labari su bayyana abin da yake ji. Abin lura shi ne ba 'yan wasan kamfanin ne suka koyar da yaran ba. Malamansu na kullum ne, bayan an raine su.

Akwai masu suka, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa aji yana iya cika da motsi da raha amma a tashi ba a karanta komai da zurfi ba. Haka ne, yana faruwa, kuma ya fi faruwa a hannun malamin da ya tsinci dabarar a bitar kwana ɗaya. Ya ga ana tafiya ana juyi, bai ga tambayar da ake yi bayan an zauna ba: me ya sa ka juya a nan, wace kalma ce ta juya ka? Wanda ya daɗe tare da gwani ya san cewa tashi tsaye hanya ce ta komawa ga nassi. Wani darasin kuma ya fito a 2008, lokacin da gwamnatin Ingila ta soke jarrabawar 'yan shekara 14 wadda ke da takardar Shakespeare. Malamai da yawa da suka yi rajistar horo a RSC suka janye. Abin da tsoron jarrabawa kaɗai ya riƙe, da an ɗauke jarrabawar yake faɗuwa.

Mu dawo gida

Wannan zance ya shafe mu kai tsaye. Hukumar WAEC tana sa wasan Shakespeare guda a manhajar adabin Turanci: Othello daga 2016 zuwa 2020, A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025, sai Antony and Cleopatra daga 2026. Kowane sauyi yana nufin malami a Gusau ko Azare zai karɓi sabon littafi mai wuya, a bar shi da shi. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da ɗaya daga wasannin zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Muna kuma da namu tsofaffin wasannin da suka zama gado: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma. Su ma a azuzuwa da yawa allo ne maƙwancinsu, alhali a bakin mutane daɗinsu yake.

Ba mu rasa tushe ba. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, yana rubuta wasanni yana sa ɗalibansa su yi. Yazi Dogo na Nijar malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi a wasa. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekara da shekaru yana fita da ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye ana tsara wasa tare da jama'a. Raino kuwa a jininmu yake. Almajirin zaure ba ya cewa ya sauke littafi sai ya ja baƙi a gaban malami, an gyara masa wasali, an ba shi izini. Abin da ya rage shi ne mu yi wa malamin adabi irin gatan da muke yi wa ɗan koyon ɗinki.

Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Globe ba shi da lantarki, inuwar darbejiya a filin makaranta ta isa dandamali. Aji mai ɗalibai tamanin ana iya kasa shi gida takwas, kowane gida ya ɗauki layi goma. Makarantar maza zalla ko ta mata zalla ba ta da uzuri, tunda jinsi ɗaya ne ya fara yin wasannin. Abin da ake buƙata shi ne mutum: a kowace shiyya a nemo malami ɗaya ko biyu da suka iya, a rage musu darasi, a haɗa su da malaman kwalejin ilimi da tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin, a ba kowannensu sababbin malamai biyar ya riƙa shiga ajinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu ko uku. Kuɗin bitar kwana uku a otal, da alawus da jakar takardu, zai ɗauki nauyin wannan na tsawon zango.

Kirana ga shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatun ilimi shi ne su daina auna horon malamai da yawan takardun shaidar da aka raba, su tambayi wa ya shiga ajin wa. Kai kuma malam, ke kuma malama, da kuka daɗe a aikin nan kuka gano hanyar da yara ke tashi su yi magana, kada ku yi ritaya da ita. Akwai sabon malami a ajin da ke kusa da naku, ya juya wa ɗalibansa baya yana cika allo, domin babu wanda ya taɓa nuna masa wata hanya. Ku gayyace shi ya zauna a bayan ajinku ranar Litinin, ku kuma ku zauna a bayan nasa ranar Laraba.